Kamfani ya wuce, mai sana'a ya tsaya a boda: sharhi kan dokokin cinikin ayyuka tsakanin ƙasashe

Duk wanda ya tashi a Katsina ko Daura in ka ce mashi ciniki tsakanin ƙasa da ƙasa, abin da zai fara faɗo mashi a rai shi ne shinkafa da taliya da man girki da gwanjo, da tireloli jere a Magama ko Kwangwalam, da 'yan kwastan. Wannan kam mun san shi, mun ji a jikinmu lokacin da aka rufe boda daga Agustan 2019 har Disambar 2020, muka sake ɗanɗanawa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Amma akwai wani cinikin da ke tsallake boda dare da rana ba a loda shi a mota, kwastan bai ganin shi balle ya yanka mashi fito, wato cinikin aiki. Kiran waya, tura kuɗi, karatu, magani, inshora, gini, aikin lauya da na akanta, har jigilar kayan ita kanta, duk saye da sayarwa ne. Kuma yana da dokokinshi na duniya waɗanda Najeriya ta sa ma hannu sama da shekara 30 ke nan. Abin da ya sa nake ganin dole mu fahimce su shi ne an tsara su ta yadda mai kuɗi da kamfani ke wucewa cikin sauƙi, shi kuwa wanda ba ya da komai sai sana'ar hannunshi, irin mafi yawan mutanenmu, yana nan tsaye ana tambayarshi takarda.

Tun 1947 akwai yarjejeniyar ciniki tsakanin ƙasashe da ake kira GATT amma kaya kaɗai ta shafa. A shekarun 1980 ne manyan bankuna da kamfanonin inshora na Amurka suka matsa ma gwamnatinsu lamba a kan a shigo da ayyuka cikin lissafi, don su can nan ne ƙarfinsu ya koma. Indiya da Birazil suka ja daga, suka ce ba su yarda ba, ai wannan hanya ce ta a zo a mamaye masu bankuna da sadarwa tun nasu ba su yi ƙwari ba. Da wannan ja-in-ja aka buɗe tattaunawa a ƙasar Yurugwai a 1986, aka ɗauki kusan shekara 8 ana yi, sai a Afrilun 1994 aka sa hannu a Marakesh ta Maroko. Ranar 1 ga Janairun 1995 aka kafa Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO, mai hedikwata a Janiba, wadda Ngozi Okonjo-Iweala ke shugabanta tun Maris 2021, kuma a ranar ne yarjejeniyar cinikin ayyuka da ake kira GATS ta fara aiki. Najeriya na ciki tun ranar farko, Nijar ta shigo a ƙarshen 1996. Duk mamba na WTO, yanzu su 166 ne, dole yana cikin GATS, ba a zaɓe.

Abin da ya sa maganar ta fi ta kaya wuya, buhun shinkafa in kana so ka hana shi shigowa ka san inda za ka tsaya, ka ɗaga fito ko ka rufe ƙofa. Aiki kuwa shingenshi ba a boda yake ba, yana cikin dokokin gida. Dokar da ta ce sai ɗan ƙasa zai buɗe kemis, ko sai banki ya ajiye jari kaza kafin a ba shi lasisi, ko baƙo ba zai mallaki fiye da kaso kaza na kamfani ba, ko likitan da ya yi karatu waje sai ya sake zana jarrabawa, waɗannan su ne kwastan ɗin. To ka ga duk yarjejeniyar da za ta taɓa su ta shigo har cikin majalisa da ma'aikatu ke nan, tana faɗa ma ƙasa irin dokar da za ta iya yi da wadda ba za ta iya ba. Shi ya sa ƙasashe ke kaffa-kaffa da ita.

GATS ta kasa yadda aiki ke tsallake iyaka gida huɗu. Wanda muka fi yi mu nan shi ne mai saye ya tashi ya je ya iske aikin a can. Dattijon da aka kai Masar ko Indiya a yi mashi aikin ƙoda, yaranmu da ke karatu a jami'ar Maryam Abacha ta Maraɗi, ɗaliban da aka kwaso daga Sudan da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, mahajjaci da ya biya masauki da mota a Makka da Madina, duk a lissafin duniya Najeriya ce ta sayo aiki daga waje, kuma dala ce ke fita. Haka in aka juyo, matar da aka kawo daga ƙauyukan Maraɗi ko Damagaram zuwa asibitin yoyon fitsari na Babbar Ruga, ko mai motar da ya shigo daga Ɗan Isa ya kawo ma bakanike gyara a Katsina ya biya ya koma, mu muka sayar ma Nijar aiki, ko da babu wanda ya rubuta a ko'ina. Wannan hanyar ba a cika rigima a kanta ba, kowace ƙasa na son baƙo ya zo ya kashe kuɗi ya tafi.

Akwai kuma wanda babu mai motsawa, aikin ne ke bin waya ko intanet ya je. Yaro na zaune a Ƙofar Ƙaura da laftof yana zana ma wani kamfani na Dubai tambari, ko yana fassara rubutu zuwa Hausa, ko malama na koyar da yaran Hausawan Ingila karatun Alƙur'ani ta waya, su ma masu fitar da haja ne. Mu ma muna saye, duk mai biyan Facebook kuɗin talla ya saya, kuma tun Janairun 2022 ana ɗora mashi harajin kashi 7.5 na gwamnatin Najeriya a kai. Lokacin da aka rubuta GATS da yawa daga cikin waɗannan ba a ma yi tunanin za su yiwu ba. A nan ne nake ganin matasanmu ke da ƙofa mafi faɗi don babu ruwanta da biza, sai dai ita ma tana da nata tarnaƙin, babba shi ne ta ina za a biya ka. PayPal ya shigo Najeriya a 2014 amma aka kwashe shekaru ɗan Najeriya na iya turawa bai iya karɓa, kuma babu sashen yarjejeniyar da zai tilasta ma kamfani mai zaman kanshi ya yi hulɗa da kai, gwamnatoci kaɗai take ɗaurewa.

Ta uku ita ce uwa-uba, kamfanin waje ya zo da jarinshi ya kafa reshe a ƙasarku. MTN daga Afirka ta Kudu, Airtel na Indiya wanda ke nan yana kuma Nijar, Ecobank mai hedikwata a Lome, Stanbic. Namu ma sun fita, UBA na da rassa a ƙasashen Afirka 20. Ta huɗu kuma ita ce mutum da kanshi ya ƙetara na ɗan lokaci ya yi aiki ya dawo.

To a nan ne maganar take. A wani ƙiyasi da WTO ta fitar a rahotonta na 2019, kusan kashi 59 cikin 100 na duk cinikin ayyuka na duniya ta hanyar kafa reshe ake yin shi, na mutum ya je da kanshi kuwa bai cika kashi 3 ba. Wannan ba haka kawai ya faɗo ba. A cikin yarjejeniyar akwai wani ƙarin bayani da ya ce ƙarara ba ta shafi mai neman aikin yi a wata ƙasa ba, ba ta shafi zama ɗan ƙasa ko zaman dindindin ba, kuma don ƙasa ta ce sai 'yan ƙasa kaza sun nemi biza wannan bai zama karya alkawari ba. Sannan in ka duba alkawuran da ƙasashe masu arziki suka rubuta a wannan ɓangaren, kusan duk na manyan ma'aikata ne, manaja da darakta da ƙwararre da kamfani zai ɗauko daga hedikwata ya kai reshenshi. Wato ita kanta ƙofar mutum ɗin an ɗaure ta a jikin ƙofar kamfani. Injiniyan da kamfanin waya zai turo Abuja yana da gurbi a rubuce, amma magini ɗan Mashi, mai walda ɗan Dutsi, telan da ya iya ɗinkin babbar riga da babu kamarshi, direban tirela, ungozoma, babu inda aka rubuta su. Ƙasashe masu tasowa, Indiya a gaba, sun yi ta kuka a kan wannan tun farko, suna cewa ku abin da kuke da shi da yawa jari ne mun buɗe maku, mu abin da muke da shi da yawa mutane ne ku buɗe mana, har yau dai ba ta canja zane ba. A 2011 an yarda a riƙa yi ma ƙasashe mafiya talauci sassauci na musamman, a taron Nairobi na 2015 aka tsawaita shi zuwa 2030. Nijar na cikin wannan rukunin, Najeriya ba ta ciki.

Dokokin da ke hawa kan kowa kai tsaye ba su da yawa. Babbar ita ce kada ka fifita wani baƙo a kan wani baƙo, in ka ba bankin Faransa dama dole bankin Turkiyya ma ya samu irinta, sai dai in tun farko ka rubuta togaciya, ko kuma kuna cikin wata yarjejeniya ta yanki irin ta ECOWAS, wadda sashe na 5 ya halatta. Sai kuma dole ka riƙa buga dokokinka a fili kowa ya gani. Sauran biyun masu nauyi, wato barin baƙo ya shigo kasuwa da kuma ɗaukarshi daidai da ɗan gida, ba su hawa kanka sai a inda ka rubuta da hannunka. An kasa ayyuka manyan sassa 12 da ƙanana wajen 160, kowace ƙasa na da jadawalinta, ta zaɓi sashen da ta ga dama, a gaban kowane ta rubuta iyakar da ta sa ma kowace hanya cikin huɗun nan. Kamar maigida ne da ya ce ma baƙo zaure naka ne, ɗakin soro ma ka kwana, cikin gida kuwa sai na kira ka, sai dai fa ɗakin da ya riga ya furta ya bayar ba ya da ikon ya wayi gari ya sa kwaɗo. Sashe na 21 ya ce sai alkawari ya shekara 3 kafin a janye shi, kuma sai an zauna da waɗanda abin ya shafa an biya su da wata damar a wani wurin. Najeriya kaɗan ta rubuta, sadarwa, banki da inshora, yawon buɗe ido, da wasu ɓangarori na sufuri. Ilimi da lafiya ba ta saka ba.

Mutane da yawa na ɗauka wannan yarjejeniyar ce ta kawo mana wayar hannu, ba haka ba ne. Gwamnatin Obasanjo ce ta yi gwanjon lasisi ta hannun hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, a Janairun 2001, MTN da Econet kowanne ya biya dala miliyan 285, suka fara aiki a Agustan shekarar, lokacin layukan NITEL masu aiki a duk faɗin ƙasar ba su kai rabin miliyan ba. Haka dokar zuba jari ta 1995 da ta bar baƙo ya mallaki kamfani ɗari bisa ɗari, bayan dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977, ita ma shawarar gida ce. Abin da ƙasa ke yi a aikace sau tari ya wuce abin da ta rubuta a Janiba nesa ba kusa ba, kuma ni a ganina wannan dabara ce mai kyau, ka buɗe don kana so, ka ga amfanin, amma kada ka yi gaggawar ɗaure kanka da rantsuwa a kan abin da ba ka san yadda zai kasance nan da shekara 20 ba.

Wanda bai yarda rubutun nan na da haɗari ba ya dubi abin da ya faru da Amurka ita kanta. A jadawalinta ta rubuta cewa ta buɗe sashen ayyukan nishaɗi banda wasanni, ba tare da wata iyaka ba. Da intanet ya bazu sai kamfanonin caca suka tare a wata 'yar tsibirin ƙasa, Antiguwa da Barbuda, wadda duka mutanenta ba su kai na ƙaramar hukuma ɗaya a Katsina ba, suna karɓar caca daga Amurkawa ta intanet. Amurka ta shiga kama su da dokokinta. A 2003 Antiguwa ta kai ƙara WTO. Amurka ta ce ita ba ta taɓa nufin caca ba, alƙalai suka ce a rabe-raben da aka yi amfani da shi caca na ƙarƙashin wannan layin, kin rubuta, ya hau kanki. Sai ta koma ga sashe na 14 wanda ya ba ƙasa damar ta karya alkawari don kare tarbiyyar jama'a da zaman lafiyarsu. A hukuncin ɗaukaka ƙara na 2005 aka yarda da ita cewa lallai caca na ɓata tarbiyya, akwai yara, akwai halasta kuɗin haram, hujjarta ta karɓu. Inda ta faɗi shi ne ta kasa nuna cewa dokarta ta sukuwar dawaki ba ta bar kamfanonin gida su karɓi caca daga nesa ba alhali ta hana na waje. A 2007 aka ba Antiguwa izinin ramuwa ta dala miliyan 21 a shekara, ita da ta nemi sama da biliyan 3, Amurka kuwa maimakon ta gyara dokar sai ta bi sashe na 21 don ta zare caca daga jadawalin.

Abu biyu na ɗauka a nan, kuma duka sun shafe mu. Na farko, addini da tarbiyya hujja ce karɓaɓɓiya a dokar duniya, kada wani ya tsorata mu da cewa in mun hana wani abu mun saɓa ma yarjejeniya, sharaɗin dai shi ne hanin ya hau kan kowa, na gida da baƙo. Na biyu, GATS ta faɗa tun a sashenta na farko cewa dokokin jihohi da ƙananan hukumomi ma suna cikin lissafi, har da na ƙungiyoyin ƙwararru da gwamnati ta ba iko. Wato dokar da majalisar jihar Katsina za ta yi a kan shagunan caca na ƙwallo da suka cinye mana yara, ko a kan asibitoci da makarantun kuɗi, tana iya karo da layin da wani jami'i ya rubuta a Abuja ba tare da ya tuntuɓi kowa a nan ba. Balle yanzu da Kotun Ƙoli ta yanke a Nuwambar 2024 cewa harkar caca hurumin jihohi ce. Shi ya sa nake cewa ma'aikatar shari'a da ta ciniki ta jiha bai kamata su ɗauka wannan maganar mutanen tarayya ba ce kaɗai. Akwai ma wani wurin mai santsi, an ce aikin da gwamnati ke yi da ikonta ba ya cikin yarjejeniyar, amma da sharaɗin ba na kasuwanci ba ne kuma ba ya gogayya da kowa. To asibitin gwamnati da ake biyan kuɗin kati da na gwaji, ga na kuɗi a gefenshi suna neman marasa lafiya ɗaya, yana ciki ko yana waje? Masana shari'a sun daɗe suna gardama a kai, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin da ƙasa irin tamu za ta yi taka-tsantsan kafin ta rubuta lafiya ko ilimi a kowane jadawali.

Labarin Antiguwa ya kuma nuna cewa cin shari'a daban, karɓar hakki daban, ƙaramar ƙasa in ta ce za ta rama a kan babba kanta take cutarwa. Yanzu ma abin ya ƙara lalacewa, tun Disambar 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta WTO ta daina zama saboda Amurka ta hana a naɗa sababbin alƙalai, duk wanda aka kayar a matakin farko yana iya cewa ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun da babu kowa cikinta, magana ta tsaya nan. Zagayen tattaunawar Doha da aka fara a 2001, wanda aka sa ran zai sabunta alkawuran ayyuka, shi ma ya shiririce. Don haka yawancin jadawalin da ke Janiba na shekarun 1990 ne, harka ta koma yarjejeniyoyin yankuna.

Mu kuwa a yanki ne rayuwarmu take. Abin da ya ba ɗan Daura damar ya je Damagaram ya yi gini ko ɗan Maraɗi ya buɗe shagon ɗinki a Katsina ba GATS ba ce, yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ce ta 1979, kwana 90 babu biza, daga baya aka ƙara 'yancin zama da na kafa sana'a. Ko ita ba ta hana rigima ba, Gana ta yi doka a 2013 da ta keɓe ƙananan kasuwanci ga 'yan ƙasa ta kuma ce baƙon ɗan kasuwa sai ya nuna jarin dala miliyan 1, da ita aka yi ta rufe shagunan 'yan Najeriya a 2019 da 2020. Yanzu kuma Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidarsu a bar su su yi zirga-zirga har sai an sake sanarwa. Wannan alfarma ce ba hakki ba, alfarma kuwa ana iya janye ta da takarda ɗaya. Ga direban da ya dogara da katin inshorar ECOWAS in ya yi haɗari a hanyar Maraɗi, ga ɗan canjin sefa, ga ɗalibi, duk rayuwarsu na rataye a kan wannan sanarwar, kuma mu 'yan bakin iyaka ne za mu fara ji kafin Legas ta san an yi.

Cikin abin da ya rage ya haɗa mu da Nijar a rubuce, banda WTO, akwai yarjejeniyar kasuwar bai ɗaya ta Afirka da aka sa ma hannu a Kigali a Maris 2018, wadda tsohon shugaban Nijar Mahamadou Issoufou ya jagoranci tafiyarta. Buhari ya jinkirta sai a Yulin 2019 ya sa hannu, a Yamai ma kuwa, aka ce ciniki ya fara a Janairun 2021. Tana da nata kundin na ayyuka, an ɗauko tsarin GATS kusan sak, hanyoyi huɗu da jadawali, aka fara da sassa 5, ayyukan ƙwararru da na kasuwanci, sadarwa, harkar kuɗi, yawon buɗe ido, da sufuri. Amma dubi abin da ya faru, a wannan shekarar ta 2018 Tarayyar Afirka ta fitar da wata yarjejeniyar ta barin mutane su yi zirga-zirga a nahiyar, wadda ke buƙatar ƙasashe 15 su tabbatar kafin ta fara aiki, aka kwashe shekaru ƙasashe 4 kaɗai suka yi, Nijar da Mali da Ruwanda da Sawo Tome, babu Najeriya. Ta kaya da kamfani ta samu shiga cikin shekara ɗaya da 'yan watanni, ta mutane tana ajiye. Wato abin da muke zargin Turawa da shi mun yi ma junanmu.

Na san abin da za a ce, in aka buɗe ƙofar mutane ai likitoci da nas-nas ɗinmu ne za su ƙarasa tsiyayewa, ga asibitocin karkara babu kowa. Damuwa ce ta gaske, amma su waɗannan ai tuni suna tafiya, Ingila da Saudiyya na ɗibarsu ta dokokin ɗaukar aiki nasu ba tare da wata yarjejeniyar ciniki ba, suna zaɓen wanda suke so, suna tafiya ba dawowa. Wanda rufaffiyar ƙofa ke cuta shi ne mai ƙaramar sana'a, shi ne ke bin Agadas ya faɗa sahara, ko ya tafi da bizar Umara ya maƙale yana ɓuya. In da akwai hanya a rubuce ta kwangilar wata 6 ko shekara, da sharaɗin albashi da dawowa, da yawa ba za su sayar da gona su miƙa ma dillalan mutane ba. Kuma dole mu ma mu yarda ƙofa in ta buɗe ta buɗe ta kowane ɓangare, mai tayil ɗan Togo ko Binin zai zo ya yi gogayya da namu, ya ma riga ya zo.

Ko an rubuta an buɗe, akwai shingen ƙarshe, wato wa ya yarda da takardarka. Sashe na 7 na GATS ya ce ƙasashe na iya amincewa da shaidar karatun juna, bai ce dole ba. Shi ya sa yaron da iyayenshi suka kashe dukiya ya karanto likitanci a Sudan ko Masar in ya dawo sai ya zauna jarrabawar hukumar likitoci kafin ya taɓa mara lafiya, wannan kam yana da dalili don rai ne. Amma nas da ta gama makaranta a Katsina, in za ta yi aiki a Maraɗi da ba ta kai tafiyar awa biyu ba, inda marasa lafiyar Hausa suke ji kamar na gida, sai ta iske wani tsarin daban na Faransanci da bai san da ita ba. Mafi yawan masu sana'armu ma ba su da takardar kwata-kwata, a wurin ubangida suka koya, shekara 7 ko 10, gwanaye ne amma babu shaidar da za a nuna ma jami'in wata ƙasa. Wannan ɓangaren ba sai an jira Janiba ko Akara, inda ofishin kasuwar bai ɗaya ta Afirka yake, ba. Akwai jarrabawar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago, akwai hukumar jarrabawar sana'o'i ta NABTEB, gwamnatin jiha na iya ɗaukar nauyin magina da kanikawa da masu walda da masu haɗa sola su samu shaida a kan abin da suka riga suka iya, ƙungiyoyin sana'a su tsaya a kai.

Sai titin jirgin ƙasa da aka aza harsashinshi a Fabrairun 2021, daga Kano ya bi Daura da Katsina da Jibiya ya shiga Maraɗi. Kowa na maganar kayan da zai ɗauka, amma jirgi ba ya tsallake iyaka sai an amsa tambayoyin aiki. Wane kamfani zai tafiyar da shi, direban da ya samu lasisi a Najeriya zai ja shi har Maraɗi ko sai an canja a boda, inshorar wace ƙasa za ta biya in kaya suka ƙone, wa ke da izinin fiton kaya da ajiya da gyaran taragu a ɓangarorin biyu, ɗaliban jami'ar sufuri ta Daura takardarsu za ta ci a can. Waɗannan sai gwamnatocin biyu sun zauna sun rubuta, kuma ƙungiyar 'yan kasuwa ta Katsina da ƙungiyoyin direbobi da masu fito da 'yan majalisarmu na Jibiya da Daura da Mai'aduwa ya kamata tun yanzu su nemi a nuna masu daftarin, su tabbatar an sa sunayen sana'o'in mutanensu a ciki kafin a sa hannu.